Kuɗin da ke takardar harajina bai kai ba, ga fom I-864 a gabana

Direban Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, musamman waɗanda suka kawo iyalinsu Amurka da ƙaramin ƙarfi irin nawa.

Ina zaune a jihar Ohayo, na zama ɗan ƙasa tun 2022. An ɗaura aurena da matata a watan Disamba na 2023, na shigar mata da fom I-130, wato takardar neman a kawo ta Amurka, a farkon 2024, cikin ikon Allah hukumar shige da fice ta USCIS ta amince a 2025. Yanzu takardunmu suna cibiyar NVC, wadda ke tattara takardun biza kafin intabiyu. Na biya dala 325 kuɗin biza da dala 120 kuɗin duba takardar ɗaukar nauyi, ita kuma ta cike DS-260 ɗinta, wato fom ɗin neman biza. Saura I-864, fom ɗin da zan yi alkawarin ɗaukar nauyinta in nuna kuɗin shigata ya kai, kuma a nan na cije.

Kusan duk shekarar 2024 tuƙin haya na yi da motata, irin wanda fasinja ke kiran mutum ta manhajar waya. Yawanci da dare nake fita. Abin da ya shigo hannuna a shekarar ya kai dala 47,000. Amma da aka zo cike takardar haraji aka cire kuɗin tafiyar mota, senti 67 a kan kowane mil, aka cire na waya da wasu ƙananan abubuwa, sai abin da ya rage a layin jimillar kuɗin shiga na fom 1040 ya koma dala 25,000. Ni a raina 47,000 na samu, don su na ga sun shiga asusuna. Wani abokina ya ce jami'in biza ba ruwansa da wannan, 25,000 ɗin kawai zai duba. Haka abin yake?

Sai maganar yawan mutanen gida. Ina da ɗa mai shekara 9 daga aurena na farko, yana hannun mahaifiyarsa a wata jiha, duk wata ina tura kuɗin kula da shi. Zan sa shi a lissafi, ko ni da matata ne kaɗai tunda ba a gidana yake kwana ba?

A banki ina da kamar dala 9,000. Abokin nan nawa, Allah ya saka masa da alheri, ya ce zai zuba mini 16,000 a asusuna na 'yan watanni a ga kuɗi sun taru, in an ba ta biza in mayar masa. Zuciyata ba ta kwanta da abin ba. Amma kuma ina jin nauyin in je in roƙi wani ya tsaya mini a matsayin mai ɗaukar nauyi na biyu. Akwai wani yayanmu a nan, ba ciki ɗaya muka fito ba amma shi ya karɓe ni lokacin da na zo, ma'aikacin jinya ne, yana da mata da 'ya'ya uku. Na san in na tambaye shi ba zai ƙi ba, wannan ɗin ma shi ya sa nake jin nauyin.

Abu ɗaya ya canza: tun watan Janairu na rage tuƙin, na kama aiki a wani babban sito ina jan motar ɗaga kaya, dala 18 a awa, awa 40 a mako. Ko wannan zai yi amfani, tunda bai shiga takardar harajin bara ba?

Na ƙarshe, intabiyu. Matata mai kunya ce ƙwarai, turancinta kuma bai yi ƙarfi ba. Ranar ɗaurin auren ma ba na nan, wakili ne ya karɓa mini, sai bayan 'yan makonni na je muka tare, da na dawo ne na shigar da takardun. Ina tsoron kada wannan ya zame mata matsala a gaban jami'i. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Mai Lissafin Haraji ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sana'ata ke nan cike wa mutane takardun haraji, kuma duk shekara sai direba ya zo mini da irin wannan tambayar. Ni ba lauya ba ne, amma lissafin zan warware maka.

A kan na farko abokinka ya faɗi gaskiya. Mai aikin kansa, abin da ake dubawa shi ne abin da ya rage bayan an cire kuɗin da sana'ar ta ci, wato ribar da ta fito daga jadawalin C, shafin lissafin ribar sana'a, ta hau layi na 9 na 1040. Ka gaya wa hukumar haraji ta IRS cewa 25,000 ka samu, a kan haka ka biya haraji. Ba yadda za ka juyo ka gaya wa ma'aikatar harkokin waje 47,000 ne, ai gwamnatin ɗaya ce.

Ɗanka yana cikin lissafi. Umarnin fom ɗin ya ce a ƙirga 'ya'yan da ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 21 ba, ko da riƙonsu ba a hannunka yake ba. Ku uku ke nan: kai, shi, da matarka. Ka kula a wannan sashen, don mutane da yawa suna sa matar sau biyu, a layin wadda ake kawowa da kuma layin matar aure, sai gidan ya koma mutum huɗu ba gaira ba dalili. Sau ɗaya ake sa ta.

Abin da doka ta nema shi ne kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. A jadawalin I-864P na 2025, gida mai mutum biyu dala 26,437 ne, mai uku 33,312, mai huɗu 40,187. Na Alaska da Hawai ya fi haka, sojan da ke bakin aiki kuma in matarsa ko ɗansa yake kawowa kashi 100 ake nema a wajensa. Duk shekara ana sabunta jadawalin, yawanci a watan Maris. Naka 33,312 ne, giɓinka ke nan 8,312.

Ana iya cike giɓi da dukiya. Ɗan ƙasa mai kawo matarsa ninki uku na giɓin ake so ya nuna, yawancin sauran dangi ninki biyar. 8,312 sau uku ya ba da 24,936. Na gane inda abokinka ya samo 16,000 ɗin, in aka haɗa da 9,000 ɗinka an kai 25,000 daidai. Amma ina roƙonka kada ka karɓa. Fom ɗin yana tambayar abin da ka mallaka ne bayan an cire bashin da ke kansa, kuɗin da za ka mayar kuwa bashi ne, kuma a ƙarƙashin rantsuwa kake sa hannu. Jami'i yana iya neman bayanan banki na wata 12, zai ga ranar da kuɗin suka faɗo a dunƙule. Ƙarya da gangan a kan abu mai muhimmanci wajen neman biza tana da sashenta a doka, 212(a)(6)(C)(i), haramcin shiga ne da ba ya ƙarewa da kansa, sai dai a nemi afuwa ta musamman. Matarka ce mai neman bizar, ita abin zai fi shafa. Motarka ma ba ta shiga lissafin dukiya sai in kana da fiye da ɗaya.

Yanzu ga abin da zai sanyaya maka rai. Dala 18 sau awa 40 sau mako 52 ya ba da 37,440, ya haura 33,312 da fiye da dubu huɗu. Fom ɗin yana da wuri daban da yake tambayar kuɗin shigarka na yanzu, ba na bara kaɗai ba. A nan za ka rubuta wannan. Ka karɓi wasiƙa daga wurin aikin, a kan takardarsu mai tambari, ta faɗi ranar da ka fara, aikin da kake yi, abin da ake biyanka a awa, da cewa cikakken aiki ne ba na wucin gadi ba. Ka haɗa duk takardun albashinka tun daga Janairu. Ka shiga shafin IRS ka sauke takardar bayanin harajinka ta 2024, kyauta ce, kuma NVC sun fi son ta a kan kwafin da ka cike da kanka. Za ka rubuta adadin kuɗin shigarka na shekara uku a fom, amma takardar shekarar ƙarshe ce dole.

Ni a ganina wannan zai iya isar ka ba tare da ka ɗora wa kowa nauyi ba.

Kawun Minesota ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka taɓa kuɗin nan. Lissafin da malam ya yi maka daidai ne, ban da abin gyarawa a ciki. Inda muka saɓa da shi shi ne a kan ko za ka tafi kai kaɗai.

Aikinka na sito 'yan watanni ne. Jami'in da zai zauna da matarka ba lamba ɗaya yake dubawa ba. Doka, sashe na 212(a)(4), ta ce ya duba shekarunta, lafiyarta, yanayin iyalinta, dukiyarta, iliminta da sana'arta, sannan ya yanke ko ana tsoron ta zama nauyi a kan gwamnati. Zai ga takardar haraji mai 25,000, zai ga sabon aiki. Wani jami'in zai gamsu, wani zai miƙo mata takardar 221(g), wato ta dakatar da biza har a kawo abin da ya rage, ya ce a kawo mai ɗaukar nauyi na biyu. NVC su karɓi takardunka su ce sun cika ba ya nufin an gama, hukuncin yana hannun jami'in ranar intabiyu. In ka shirya na biyun tun yanzu ka rage wa yarinyar nan zaman jira.

Amma ka saurare ni da kyau a kan abin da za ka roƙi yayanka, don ni na taɓa sa wannan hannun.

Shekarun baya wani yaro da nake gani kamar ɗan cikina ya zo ya ce in tsaya wa matarsa. Na sa hannu, aka ba ta biza, ta zo. Bayan 'yan shekaru zaman ya ƙi, suka rabu a kotu. Shi ya koma wata jiha. Ita ga ƙaramin yaro, ga aikin da bai taka kara ya karya ba. Yarinyar kirki ce, ba ta kai ni ƙara ba, amma da ta so tana da dama, don I-864 alkawari ne da kotu ke tilasta a cika shi. Na riƙa taimaka mata da kuɗin haya har ta tsaya da ƙafarta, kuma ban yi nadama ba. Lokacin da na tashi kawo mahaifiyata, sai da na sa yarinyar nan a lissafin gidana, kuɗin da ake nema a wajena ya ƙaru, saboda alkawarin bai sauka daga kaina ba sai ranar da ta zama 'yar ƙasa.

Wannan tsari daga dokar 1996 ya fito, shi ne sashe na 213A na dokar shige da fice. Wanda ya sa hannu ya yarda zai riƙe wadda aka kawo a kan kashi 125 ɗin nan. In ta karɓi tallafin gwamnati irin na masu ƙaramin ƙarfi, kamar SNAP ko SSI ko Medicaid wanda ba na gaggawa ba, hukumar da ta bayar tana iya bin sa ya biya. Gaskiya ne sabon zuwa yawanci ba ya samun irin wannan tallafin na tarayya sai ya cika shekara biyar, amma alkawarin yana iya wuce shekara biyar. Yana sauka ne in ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zangon aiki 40, wato kimanin shekara goma, ana iya haɗa mata da na mijinta na lokacin aurensu, ko ta ajiye katin zamanta ta bar ƙasar, ko mutuwa ta zo mata ko wa wanda ya sa hannun. Saki ba ya cikin wannan. Kafin a ba da biza mutum yana iya janye hannunsa, in ta riga ta shigo an wuce wurin. Ko gida ya canza sai ya sanar da fom I-865 cikin kwana 30.

Lissafin yayanka daban yake da naka. Shi, matarsa, 'ya'ya uku, da matarka, mutum shida, dala 53,937 a jadawalin 2025. In akwai wanda ya taɓa tsaya wa kuma alkawarin bai sauka ba, a ƙara shi. Ba a haɗa kuɗinka da nasa a cike, dole nasa ya kai shi kaɗai. In sai an haɗa da albashin matarsa zai kai, to ita ma za ta sa hannu a I-864A, fom ɗin mutumin gida da ke haɗa kuɗinsa da na mai ɗaukar nauyi, ita ma ta shiga alkawarin ke nan. Zai kawo shaidar zamansa ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, da takardar harajinsa, da shaidar cewa a Amurka yake zaune. Kai kuma duk da haka sai ka cike naka I-864 ɗin, ba ya ɗauke maka.

Nauyin da kake ji daidai ne, kada ka kore shi. Abin da za ka yi, ka buga fom ɗin a takarda ka kai masa gida. Ka nemi matarsa ta zauna, don abin ya shafi gidanta. Ka karanta musu sashen alkawarin tun daga farko har ƙarshe, har da maganar saki, ko da tana da nauyin faɗa. Sannan ka ce ba yau kake son amsa ba. Mutumin da ka san ba zai iya ce maka a'a ba, kai ne za ka buɗe masa ƙofar faɗar ta.

Direban Dare ya sake rubutawa:

Malam, na gode ƙwarai. Na kira abokina na yi masa godiya na ce ya bar kuɗinsa. Gobe in Allah ya kai mu zan je ofishin ma'aikata na wurin aikinmu in nemi wasiƙar.

Kawu, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta shige ni. Da na ɗauka sa hannun yayan nan taimako ne na rana ɗaya kamar shaida, yanzu na ga shekaru ne zan ɗora wa gidansa. Yarinyarsa babba tana dab da shiga jami'a, na san kuɗi na gabansu. Zan je kamar yadda ka ce, da takardar a hannuna, kuma zan gaya masa cewa akwai hanyar da zan iya bi ni kaɗai da sabon aikin, don kada ya ga kamar in ya ƙi matata ba za ta zo ba.

Har yanzu ina jiran wanda zai ce wani abu a kan intabiyun da maganar wakilin nan. Jiya da muka yi waya ta ce mini wata ta gaya mata ana tambayar mutum launin labulen ɗakin mijinsa, duk ta tsorata.

Amaryar Bara ta amsa:

Yaya, ka gaishe mini da ita, ka ce ta kwantar da hankalinta. Bara na yi nawa, ni ma maigidana ne ya kawo ni, kuma ni ma haka mata suka cika ni da labarai kafin ranar.

Bari in fara da wakilin, tunda shi ya fi damun ka. Dokarsu ta san da auren da aka ɗaura ɗaya ba ya wurin. Sharaɗinta shi ne a tare bayan ɗaurin auren. Kai ka je kun tare kafin ka shigar da takardu, to auren ya zauna. Abin da za ta riƙe shi ne shaidar zuwan naka: kwafin shafin fasfonka mai hatimin shiga da fita, tikitin jirgi, hotunanku tare a wannan zuwan, musamman waɗanda kuke tare da iyaye da dangi. In jami'i ya ce mijinki yana wurin ranar aure, ta ce a'a, wakili ne ya karɓa masa, ya zo daga baya a wata kaza. Kada kunya ta sa ta ce eh. Suna da takardun da ka shigar a gabansu.

Abin da ya kamata ka fi kula da shi ma shi ne aurenka na farko. Takardar rabuwa ta kotu za ta je da ita, kwafi mai hatimin kotu, kuma ranar da ke jiki ta riga Disamba 2023. Ita kanta ta san labarin: sunan yaronka, shekarunsa, inda yake zaune, yaushe kuka rabu da mahaifiyarsa. A DS-260 akwai tambaya a kan ko mutum zai je ya yi zaman auren mace fiye da ɗaya, doka ta hana wa mai wannan niyyar biza, shi ya sa suke son su tabbata na farkon ya ƙare a kotu. Maza da yawa ba sa son yi wa amarya wannan hirar. Ka daure ka yi mata, don ba daɗi a ce a bakin jami'i ta fara jin wani abu game da mijinta.

Kafin ranar za ta yi gwajin asibiti, kuma sai wajen likitan da ofishin jakadancin ya amince da shi, na wani ba ya karɓuwa. In tana da katin rigakafinta ta tafi da shi, allurar da babu za su yi mata. Takardar 'yan sanda, takardar haihuwa, takardar aure, duk na asali za ta riƙe, ba kwafin da kuka ɗora a intanet kaɗai ba. Hoto biyu mai inci biyu kowane gefe, da fasfo mai sauran wa'adi aƙalla wata shida bayan lokacin da take sa ran shiga. Ni fayil na yi musu a jaka ɗaya, na kuɗi gefe guda, na aure gefe guda, don in an ce kawo kaza kada hannuna ya yi ta rawa ina nema.

Ranar kanta, jira ya fi tambayoyin tsawo. A taga ta farko aka karɓi takarduna, aka ɗauki hoton yatsuna. A ta biyu jami'a ta sa na ɗaga hannu na yi rantsuwa zan faɗi gaskiya. Ta tambaye ni yadda muka haɗu, yaushe na gan shi na ƙarshe, wane aiki yake yi, a wane gari yake zaune, da wa yake zaune, ta yaya muke magana. Ta tambaye ni wane ne mutumin da ya tsaya mana na biyu, me ya haɗa shi da maigidana. Wannan ka lura da shi, yaya: in yayanka ya sa hannu, ta san cikakken sunansa da aikinsa da inda yake. Ta kuma san ka rage tuƙin dare ka koma sito, kada ta ce direba ne alhali wasiƙar aiki ta ce wani abu daban.

Labule kuwa, matar da ba ta taɓa taka Amurka ba ina za ta san shi? Akwai tambayar da aka yi mini wadda ba ni da amsarta, na ce ban sani ba, aka wuce. Ban sani ba amsa ce, ƙirƙira ce take jawo matsala, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada ku zauna kuna haddace amsoshi, ku dai yawaita hira a kan rayuwarka ta can har ta san ta kamar tata. In ba ta gane tambaya ba ta ce a maimaita. Maganar tafinta kowane ofishin jakadanci da ƙa'idarsa, tana rubuce a shafin umarninsu na intabiyu, ka karanta na ƙasarta tun yanzu.

In an amince za su riƙe fasfon su buga bizar. In aka ba ta takardar 221(g) kada ta fito tana kuka, ba rufe ƙofa ba ne, wani abu ake nema, kuma ana da shekara guda a kawo shi. Kada ka sayi tikiti, ita ma kada ta bar aikinta ko ta sayar da kayanta, sai fasfo ya dawo hannunta da biza a ciki. Wa'adin bizar ba ya wuce wata shida, kuma da gwajin asibitin yake tafiya, don haka ku duba ranar da ke jiki. Akwai dala 235 na USCIS da za ka biya ta intanet, shi ne kuɗin katin zaman, gara ka biya kafin ta taso.

Mai Lissafin Haraji ya ƙara da cewa:

Kawu ya fi ni ganin rayuwa, kuma na yarda in yayanka ya amince da zuciya ɗaya kuma kuɗinsa ya kai, fayil ɗinku zai fi ƙarfi. Abin da zan ƙara shi ne lokaci yana wajenka. Tsakanin NVC su ce takardu sun cika da a ba da ranar intabiyu akan ɗauki watanni, a wasu ofisoshin har fiye da shekara. Duk watan da ya wuce kana sito, takardun albashinka suna ƙaruwa. Ka riƙa ajiye su, ka tura mata sababbi kafin ranar. In intabiyun ya kai bayan 15 ga Afrilun 2026, takardar harajin 2025 za su so gani, ita kuwa za ta nuna albashin sito na shekara guda cur. Ka shigar da harajinka da wuri. In ka ci gaba da ɗan tuƙi a gefe, ribarsa ƙari ce a kan albashin.

Sai kuma ranar aurenku. In ta shigo kafin auren ya cika shekara biyu, katin shekara biyu mai sharaɗi za a ba ta, ku shigar da fom I-751 na neman cire sharaɗin tare cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare. In ta shigo bayan Disamban 2025, na shekara goma ne kai tsaye. Ranar shigowa ake dubawa, ba ranar intabiyu ba.

Direban Dare ya dawo:

'Yan'uwa, na je wajen yayan nawa ranar Lahadi bayan la'asar. Na karanta musu shi da matarsa Anti sashen alkawarin kamar yadda Kawu ya ce, ban tsallake komai ba. Shi tun ban gama ba ya ce in miƙo biro. Anti ce ta ce a dakata a yi lissafi, kuma na ji daɗin haka. Da muka duba takardarsa, albashinsa shi kaɗai ya haura 53,937, ba sai ta sa hannu ba. Duk da haka na bar musu fom ɗin na ce su yi shawara tsakaninsu, sati mai zuwa zan koma.

Wasiƙar wurin aiki ta fito, an rubuta cikakken ma'aikaci. Takardar kotu ta rabuwarmu ta 2021 ce, na nemi sabon kwafi mai hatimi zan aika mata tare da kwafin fasfona.

Ƙanwata Amarya, na karanta mata amsarki a waya kalma da kalma. Ta ce in gode miki, ta kuma ce in tambaye ki ko an bar ku kun shiga da waya, don yawancin hotunanmu da hirarrakinmu a wayarta suke.

Amaryar Bara ta amsa:

Ba a shiga da waya, yaya. Ta wanke hotunan a takarda, ta rubuta wata da shekara a bayan kowanne. Hirarrakin ma ta zaɓi kaɗan daga watanni daban-daban ta buga, waɗanda sunanku da kwanan wata suka fito a jiki, ba sai ta kwashi duka ba. Wayar ta bar ta hannun wanda zai raka ta, don shi a waje zai jira.